Ranar da Ɗan Koriya Ya Zaɓi Mukullina

Duk wanda ya ce maka ya zo Doha ya tarar da abin da aka yi masa alkawari, ka dubi idonsa da kyau: ko dai likita ne, ko maƙaryaci. Ni aikin tuƙi aka ce zan yi. Ejan ɗin da ya yi mini hanya har hoton motar ya nuna mini a wayarsa, fara ƙal, ya ce tana can tana jirana. Da muka sauka a filin jirgin Hamad, wani siririn mutum daga kamfanin da ya kawo mu ya tattara mu, ya karɓe fasfo ɗinmu tun ba mu gama miƙe ƙafa ba, ya ce "yalla, yalla", wato maza-maza, ya kora mu cikin bas. Washegari aka dawo da ni wannan filin jirgin dai, aka ba ni riga mai ɗaukar ido, aka nuna mini layin kekunan da fasinja ke ɗora akwati. Motata ke nan. In haɗa su jere, in tura, in dawo in sake haɗawa.

Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya yi wa sauran, don ni ɗan direba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a kan gingimari ya ƙare rayuwarsa, yana kai hatsi kudu daga Funtuwa ya dawo da goro da manja. A gefensa na koyi canza giya da kunne, tun ƙafata ba ta gama kai wa kuloci ba. To a ce yau ni ne ke tura keken akwati, wani foman da bai san inda ake duba mai a mota ba yana nuna ni da yatsa wai in yi sauri. Na je ofishin kamfanin, su ne kafil ɗinmu, wato zamanmu a ƙasar a hannunsu yake, na ce ba haka muka yi ba. Mutumin ko kai bai ɗago ba. Ya ce in ba na so, jirgin da ya kawo ni kullum yana komawa. Na fito ina huci. In koma ina? Na bar matata Rabi da ƙaramin ciki, na sayar da babur ɗina, duk unguwa ta raka ni da addu'a.

Masaukina kuwa a unguwar Mu'aither yake, wani ɗaki a bayan gida, gadajen ƙarfe wani kan wani, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Kowa da ƙasarsa, kowa da warin girkinsa. A nan na haɗu da Baba Mumuni, dattijo ɗan Zangon Kumasi mai gadi a wani kanti, wanda ya daɗe a Doha har ya daina lissafi. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace, matarsa ma "ya kira ni jiya" yake cewa. Ni ina yi masa dariya, shi yana ciyar da ni. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya dama mini koko ya zauna a bakin gadon har na shanye.

"Kai Sale," in ji shi, "bar fushin nan. Fushi ba shi ba kowa abinci a nan. Je ka yi lasin na ƙasan nan. In ka samu, kamfani da kanshi zai neme ka."

Ina kan tura kekuna aka kira ni cewa Rabi ta sauka, namiji. A waya na ga ragon suna, a waya na ji an raɗa masa sunan mahaifina, muna kiransa Abbati. Na shiga banɗakin ma'aikata na yi kukana, na wanke fuska na koma bakin aiki. Ban taɓa jin nisa irin na ranar ba.

Lasisin kuwa sai da ya nuna mini iyakata. Gwajin farko na zo shataletale na danna hon, kamar yadda duk ɗan halak yake yi a gida don a san yana tafe. Mai gwajin ya dube ni ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya nuna mini gefen titi. Na gaba kuma na fitar da hannu ta taga na ba wani bawan Allah hanya, nan ma aka ce na faɗi. Mutunci ma laifi ne a titin Doha. Daga ƙarshe na haɗiye abin da na sani, na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, aka ba ni. Maganar Baba Mumuni ta tabbata. Ba a daɗe ba kamfani ya kira ni, wai wani injiniya ɗan Koriya a unguwar Aziziya yana neman direban gida.

Sunansa Mista Han, yana aiki a wajen iskar gas. Mutum ne marar yawan magana, mai gilashi, kullum kamar an goge shi da dutsen guga. Da shi da matarsa, wadda nake kira Madam, da jaririnsu Jun, wanda a lokacin ko wuya bai tsayar ba. Da guntun Turanci muke magana, nasu a karye nawa a karye, amma muna fahimtar juna. Abin da ya fara kwantar mini da hankali, mutanen sun san ya kamata. A ƙofa ake cire takalmi. Ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya. Na ce a raina, ashe akwai masu tarbiyya a bayan duniya. Ga mota mai esi, ga albashi kan lokaci, ga Juma'a tawa ce. Karon farko tun zuwana, na kira gida ba tare da na yi ƙaryar ina jin daɗi ba.

Wata safiya na zo ɗaukar maigidan, sai Madam ta fito da kwano a tire ta ce in zauna in sha. Miya ce baƙa-baƙa mai santsi da 'yan yankan naman sa, ganyen cikinta kuma daga teku aka tsinko shi. Na kurɓa don kunya. Kamar karkashin da aka manta ba a sa masa daddawa ba. Mista Han ya ga fuskata ya fashe da dariya, ya ce yau ranar haihuwarsa ce, kuma a ƙasarsu da wannan miyar ake karyawa. Ya ce abincin mai jego ce, mace in ta haihu ita za ta yi ta sha har jikinta ya dawo. Don haka duk shekara in ranar ta zagayo, ɗa zai sha abin da uwarsa ta sha saboda shi. Har gaisuwa ce a wurinsu, maimakon dogon zance sai a tambaye ka, ka sha miyar kuwa? Na ce ashe kunun kanwa ne. Na ba shi labarin wankan jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ya riƙe baki. Na shanye miyar tas, ba don daɗinta ba, don na tuna tsohuwata. Ya koya mini abin da ake ce wa mai ranar, "sengil chuka hamnida", na maimaita masa, ya ce na fi wasu 'yan ofishinsu iyawa.

Jun kuwa rigimamme ne na gaske. Ba ya barcin rana sai a mota. Bayan la'asar sai Madam ta ɗaure shi a kujerarsa ta zauna gefe, ni kuma in yi ta zagaya layukan Aziziya a hankali har ya yi shiru. Da ya fara wayo, ba abin da yake so kamar mukullin motar. Na ɗaura masa ɗan jan tuntu na fata irin namu don kada ya ɓace mini, to da zarar na kashe mota sai yaron ya miƙo hannu. Ya kaɗa, ya cusa a baki, ya yi ta ɓangala dariya. Ba zan ɓoye ba, na so yaron nan. Nawa yana can ya fara takawa ban taɓa ɗaukarsa ba, in an ce ina Baba sai ya nuna waya. Duk ɗaukar da na so in yi wa Abbati, Jun na yi wa.

Da ya kusa cika shekara sai gidan ya rikice da shiri. Madam ta yi mini bayani cewa a wurinsu babu bikin da ya kai na shekarar farko, suna kiransa dol. Ta ce a zamanin da yara da yawa ba sa kai wa shekara, don haka wanda ya kai sai a tara dangi a yi murna. Wannan kam ban buƙaci dogon bayani ba, mu ma mun san shi. Amma zuciyar bikin wani abu ne daban. Za a shimfiɗa tabarma a jera wa yaro kaya: farin zare na tsawon rai, alƙalami na ilimi, kuɗi na arziki, gudumar alƙali, ƙwallo, da abin da likita ke sawa a kunne ya saurari ƙirji. Sai a sake shi. Abin da ya fara ɗauka, shi ne hanyar rayuwarsa. Na ce, "Madam, kun yarda da wannan?" Ta yi dariya ta ce wasa ne kawai. Sannan ta rage murya ta ce, amma ban da wurin surukarta.

Ni na ɗauko surukar daga filin jirgi, mahaifiyar Mista Han. Halmoni suke ce mata, wato Kaka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai nannaɗaɗɗen gashi, tafiyarta da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Na durƙusa na gaishe ta yadda zan gaida tsohuwata, abin ya burge ta, ta ce wa ɗanta wani abu tana gyaɗa kai. Ba muguwa ba ce. Kullum sai ta cusa mini abinci a hannu. Amma na lura duk sanda na ɗauki Jun na mayar, sai ta goge masa hannu da tsumma, kuma ranar da ta ga mukullin a bakinsa ta fizge ta miƙo mini tana faɗa da yarensu. Tun daga ranar ta fara horar da shi. Ta rataye abin likitan nan a jikin gadonsa, ta sa masa a wanka, har na kama ta tana shafa masa abin zaƙi tana ba yaron yana lasa. Na ba Baba Mumuni labari, na ce ashe maguɗin zaɓe ba a ƙasarmu kaɗai ake yi ba.

Ranar bikin tun safe nake jigila. Kujeru, furanni, wainar shinkafarsu fara mai danƙo da aka jera kamar hasumiya, baƙin da ba su san hanya ba. Falon ya cika da 'yan Koriya, maza da kwat, mata da dogayen tufafi masu launi. Aka sa wa Jun riga mai hannu kala-kala da 'yar hula baƙa, yatsunsa duk zoben gwal da baƙi suka kawo. Kowa ya zo sai ya sunkuya ya faɗi gaisuwar nan da aka koya mini. Ni ma na faɗa, aka tafa mini.

Da aka zo shimfiɗa tabarmar, sai iskar esi ta yi ta kaɗa ƙyallen da aka rataya a baya don hoto. Mai hoton ya yafito ni ya ce in durƙusa a can ƙarshe in riƙe gefen ƙyallen, yadda ba zan fito a hoto ba. Na durƙusa, hannuna biyu a kan ƙyalle, mukulli rataye a ƙuguna inda yake kullum. Halmoni da kanta ta jera kayan, abin likita a gaba-gaba, dab da inda za a ajiye yaron.

Aka sake shi. Mata na ta kiran sunansa, kowa na nuna abin da yake so ya ɗauka. Jun ya zauna ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya kamar mai taya kaya a kasuwa. Ya sa gwiwa ya take abin likitan ya wuce. Ya ture alƙalami, ya bi ta kan kuɗin ko kallo ba su ishe shi ba. Na ga wajena ya nufo. Na kau da kai, na ƙi haɗa ido da shi. Bai hana ba. Ya iso ya dafa cinyata ya miƙe, ya cafko mukullin ya ja har ya fita, ya ɗaga shi sama yana dariya yana nuna wa jama'a.

Falon ya yi tsit. Can wani mai ƙiba ya ce "direba!" da Turanci ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Wata mata ta yi ƙoƙarin gyarawa, ta ce ai mai kamfanin motoci zai zama. Halmoni ba ta yi dariya ba. Ta tako kan tabarmar, ta ɓamɓare mukullin daga hannun yaron, ta yi jifa da shi. Ya zame a kan tayil ya shige ƙarƙashin wata kujera da mutane ke zaune. Haka na rarrafa a gaban baƙi, tsakanin ƙafafunsu, na laluɓo shi. Na sha wulaƙanci iri-iri a ƙasar nan, amma wannan rarrafen har yau in na tuna sai kunnuwana sun yi zafi. Mista Han ya ce a hankali in jira a waje.

Ina tsaye a inuwar gareji ina jin su. Sun sake jera kayan, sun sake sakin yaron. Kuka kawai ya yi ta tsalawa har aka haƙura, bai ɗauki komai ba. Daga baya Madam ta fito ta miƙo mini waina a leda, idonta a ƙasa, ta koma.

Washegari a hanyar aiki Mista Han ya ce in tsaya a gefen titi. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa.

"Sale, mahaifiyata ta ce kai ka kaɗa masa mukullin."

"Oga, hannuna biyu na kan ƙyalle."

"Na sani. Na gani." Ya mayar da gilashin. "Amma in ka ce kai ka kaɗa, to ba shi ya zaɓa ba, jawo shi aka yi. Zaɓen bai yi ba ke nan. Sai a sake wani, hankalinta ya kwanta. Ka zo ka ba ta haƙuri, magana ta wuce."

"In ban ce ba fa?"

"Ta ce ba za ta bar jikanta a gidan da kake ba. Dole in mayar da kai kamfani. Ba zan iya musa wa uwata ba, Sale. Kai za ka iya musa wa taka?"

Sai ya ci gaba, yana kallon titi. Ya ce mahaifinsa direba ne. Lokacin da ƙasarsu ke cikin talauci uban ya je Saudiyya yana jan tifa a hamada inda ake yanka titi, ya bar shi a cikin uwarsa. Ranar nasa bikin shekarar, uban ba ya nan. Da ya dawo, yaron ya ɓuya a bayan uwarsa yana kuka, ya ɗauka baƙo ne. Ƙura ta riga ta cinye wa mutumin huhu, bai yi nisan kwana ba. Tun daga nan tsohuwar ta rantse babu wanda zai sake neman abinci da sitiyari a zuriyarta. Ya ce shi kansa a ɓoye ya koyi mota.

Na kai shi aiki na dawo. Tsoro nake ji, tsoron komawa tura kekuna, ko ma a sa ni a jirgi in koma Funtuwa hannu rabbana. Baba Mumuni ya ce, "Kai dai wawa ne in ka bar aiki don magana. Faɗa masu abin da suna so. Allah ya san ba ka yi ba, ni na san ba ka yi ba. Tsoho ne, gobe zai hau jirgi ya tafi, kai ka ci abincinka." Na kira Rabi na gaya mata. Ina jin Abbati yana buga kwano a bayanta.

"Baban Abbati, mu kam abin da za mu ci muke dubawa," in ji ta. "Amma na san halinka. In ka faɗi abin da ba ka yi ba, ba za ka yi barci ba, mu ma ba za ka bar mu mu yi ba. Ka yi abin da za ka iya ɗauka."

Duk da haka, da na shiga gidan washegari da hantsi, na shiga ne da niyyar in faɗa. Na ce kalma ce, in furta in tofar. Halmoni na zaune a kan matashi a ƙasa, bayanta a miƙe, ɗan gajeren tebur a gabanta. Mista Han na gefe zai yi tafinta, Madam na zaune can baya da Jun a cinya. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe ta. Mista Han ya nuna mini yadda ake ba babba haƙuri a wurinsu, a haɗa hannu a ƙasa a ɗora goshi a kai. Na ce wannan kam a'a, goshina na Mai shi ne. Ya ce ba komai, a bar wannan, in faɗi maganar kawai.

Na buɗe baki ke nan sai tsohuwar ta riga ni. Ta yi magana a taƙaice tana nuna ƙuguna. Mista Han ya yi jim, kamar ba zai fassara ba.

"Ta ce ka haɗa da cewa ka yi kuskure da ka kawo ƙazamin abu kusa da yaron. Mukullin direba ba abin da ɗan gidan mutunci zai taɓa ba ne."

Duk niyyar da na shigo da ita ta watse.

"Oga, ka ce mata ban kaɗa ba."

"Sale..."

"Ka ce mata ban kaɗa ba. Kuma ka ce mata ni ma ɗan direba ne, kamar kai."

Fuskarsa ta sauya, don bai so ta san ya ba ni labari ba. Na ce ya fassara. Ya fassara. Tsohuwar ta zuba mini ido.

"Ka ce mata wannan gidan, da karatun da ka yi, da gwal ɗin da ke yatsun Jun, duk daga cikin tifar nan suka fito. Mutumin ya shaƙi ƙura ne don ku zauna a sanyi. In ita ta ga dama ta ji kunyarsa, mijinta ne. Ni ba zan ji kunyar ubana ba. Ina da ɗa da bai taɓa jin ɗumin hannuna ba saboda wannan mukullin. In na ce ƙazanta ne, to me na baro shi na zo yi?"

Mista Han ya mayar mata a hankali, kansa a sunkuye. Na zaci za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Leɓenta ya yi ta motsi, sannan ta yi magana mai tsawo, ƙasa-ƙasa, ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Ɗanta ya taƙaita mini.

"Ta ce ba kunyarsa take ji ba. Ta ce kai tafiya ka sani, ita zaman jira ta sani. Ta ce ka tambayi matarka."

Wannan maganar ta same ni a inda ban tsare ba. A zuci na ga Rabi da goyo a bakin ƙofa, na ga tsohuwata tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar gingimari. Na ji tausayin matar nan har cikin raina. Amma tausayinta bai sa hannuna ya kaɗa abin da bai kaɗa ba.

"Ka ce mata ta yi gaskiya," na ce. "Allah ya raya Jun, ya sa ya zama likitan da take so. Amma ban kaɗa ba."

Mista Han bai dube ni ba. Ya ce zai kira kamfani, gobe su turo wani. Haka kuwa aka yi, don har yau da nake wannan rubutu tankar ruwa nake ja a bayan gari, inda ake gine-gine, motar da esinta ya mutu tun kafin in zo. Baba Mumuni ya yi kwanaki ba ya yi mini magana, sai dai ya ajiye mini abinci ya juya baya. Na sha wuya, kuma ban ce ban yi kewar gidan ba. Amma ina barci.

A falon dai, na miƙe, na ciro mukullin daga ƙuguna, na ajiye shi da hannu biyu a kan ɗan teburin, yadda suka koya mini. Na gode wa Madam da abincinta. Na juya na nufi ƙofa, ban dubi yaron ba, don na san in na dube shi ba zan iya fita da mutuncina ba.

Na sunkuya zan ɗauki takalmi sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Na waiwaya. Jun ne ya sulale daga cinyar uwarsa, yana tsaye dafe da teburin, dab da gwiwar kakarsa, ya ɗaga mukullin sama yana kaɗawa yana dariya. Babu wanda ya motsa. Tsohuwar tana kallonsa, hannuwanta a kan cinya, wannan karon ba ta fizge ba.

Na ɗaga tafukana biyu sama daga bakin ƙofa, don kowa ya ga ba komai a ciki.

"Oga," na ce, "fassara mata wannan."

Na zura takalmana na fita cikin rana, ban ma san inda zan samu bas ba.